'Yan Tsaki Uku a Cikin Garar Ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai garar ƙanwata Rabi Tungan Magajiya, kuma ko na so in manta, matan garin ba za su bar ni ba. Har gobe idan na sauka daga mota sai na ji wata ta ɗaga murya ta ce, "Ga mai jan zare nan ta iso!" Ni kuwa sai in gyara mayafi in amsa da fara'a, don yanzu sunan ya daina ƙona ni. Amma a ranar, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige ban ko waiwayo ba.

Ni dai mace ce mai taurin kai, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Idan kina so in yi abu, ki ce mini ba zai yiwu ba. Haka aka yi lokacin da na ce zan sayi ɗan ƙaramin injin ƙyanƙyasa in fara kiwon kaji a bayan ɗakina a Kontagora. Maigidana, Baban Walida, ya ce, "Ke da ko kyanwa ba ki taɓa riƙewa ba?" Wannan maganar ce ta sa na sayo injin a satin. Na bi maƙwabta na tattaro ƙwan kajin gida, na jera, na riƙa leƙa su safe da yamma kamar mai jiran haihuwa.

Abin da ban duba ba shi ne, lokacin fashewar ƙwan zai faɗo tsakiyar hidimar Rabi. An yi biki lafiya, an kai amarya, saura gara. Muna cikin suyar cincin da dubulan sai ga 'yan tsaki sun fara fasa ƙwai. Don tsabar son tsabta (da son a zo a gani a yaba, ba zan ɓoye ba), sai na shimfiɗa musu sabuwar leda mai sheƙi a cikin kwali, wai don kada su ɓata wuri. Ashe santsi na shimfiɗa musu. Washegari da na duba, sauran suna ta tsalle-tsalle, amma uku na kwance a kan ciki, ƙafafu sun wage, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Suna ta fafutukar tashi, suna kuka, 'yan uwansu na bi ta kansu. Ɗaya fari ne, ɗaya ja, ɗaya baƙi wuluk. Ku riƙe wannan a ranku, don ni a lokacin ban ga komai a ciki ba sai kala.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Waɗannan ai sun tafi, ki jefar kawai." Baban Walida ya ce, "Maman Walida, uku ne fa cikin wannan taron. Ki bar wa Allah." Na ce Allah ne ya ba ni su, kuma ni na shimfiɗa ledar, ba su ba. Na ɗauki hotonsu na tura rukunin mata masu kiwo da muke da shi a waya. Wata baiwar Allah ta ce abin yana gyaruwa idan aka yi da wuri: a cire ledar a sa tsumma mai kaushi, a haɗa ƙafafun biyu da filasta, a bar 'yar tazara tsakani yadda ɗan tsakon zai tsaya daidai, kafin ƙashin ya yi ƙwari a karkace. Na birkice gidan kaf, babu filasta. Abin da na samu shi ne ragowar zaren ulu na hular da na saƙa wa Walida. Ja ne, ja jawur.

Na zauna na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba tamau ba don kada jini ya tsaya. Da na ajiye farin a kan tsumma sai ya miƙe tsaye. Ya yi tangaɗi ya faɗi, amma ya tsaya ɗin! Na buga ihu har Baban Walida ya fito da gudu yana zaton gobara ce. Ranar ji nake ko likitan ƙashi bai fi ni ba.

Sai dai ɗaurin ba shi ne ƙarshen aikin ba. Ɗan tsakon da aka haɗe wa ƙafa ba ya iya zuwa wurin ruwa, idan ma ya je zai iya kifewa a ciki ya mutu. Dole a ware shi, a riƙa tsoma masa baki a ruwa da hannu, a ba shi abinci, a tabbata yana cikin ɗumi. Ga shi gobe tafiyar gara, kuma ni ce babbar yaya. Na roƙi Baban Walida ya kula da su, ya ce shi kasuwa za shi, ba zai rufe shago don jinyar kaza ba. Maƙwabciyata kuwa na san ina juya baya za ta cika maganarta ta jefar. Sai na yanke shawarar da har yau nake mamakin kaina a kanta: zan tafi da su.

Mun sayi bokitai shuɗaye masu murfi don zuba alkaki da nakiya da dubulan da cincin, ɗaya ya ragu. Na sa ƙusa a wuta na huda murfinsa, na shimfiɗa tsohon tawul, na cika gorar roba da ruwan ɗumi na zura ta cikin safa na kwantar a gefe. Majinyatana suka lafe a jikin gorar suka yi barci. Na sha leshina na anko, na kafa ɗaurin ɗankwali wanda sai da na sunkuya kafin in shiga mota, na rungume bokitina.

Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyarmu, ita ce jagorar tafiyar. Mace ce da ba ta ɗaukar wargi, kullum maganarta ita ce mu gidan malamai muka fito, kada a zubar mana da mutunci. Tun kafin mu fita gari ta kalli cinyata ta ce, "Ke kuma mene ne kika ƙanƙame haka?" Na ce, "'Yan kayana ne, Inna." Na san idan na faɗi gaskiya ta taga za a wurgar da su a hanyar Rijau. Saboda haka a motar nan kaf babu wanda ya san abin da ke cikin bokitin sai ni.

Da muka isa, mata suka fito tarba da guɗa. Na tura bokitin can ƙarƙashin kujera, da niyyar in gaisa in dawo in ba su ruwa. Aka ja mu ciki, aka shiga gaishe-gaishe, na leƙa Rabi a ɗakinta na ga ta yi kyau ta yi sheƙin amarci, muka rungume juna. Ban san direba ya ga shuɗin bokiti ya miƙa shi tare da 'yan uwansa ba. Shi ma ba shi da laifi, aikinsa ya yi.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jere kaya: buhunan shinkafa da masara, jarkokin mai, sai bokitai a sahu. Mai karɓar gara ita ce Gwaggo Dije, yayar mahaifin ango, tsohuwa doguwa mai magana ɗaya. Hausarta a hankali take fita, kalma bayan kalma, kuma idan ta yi magana kowa a gidan yana yin shiru. Kusa da ita wata mata ce Lanti, wadda aikinta guɗa. Gwaggo ta buɗe murfi, ta faɗi abin da ke ciki, Lanti ta rangaɗa. Ni kuwa ina sahun gaba, na ɗaga waya ina ɗaukar bidiyo, ina jin kaina, don rabin cincin ɗin nan hannuna ne ya murza shi.

"Alkaki," in ji Gwaggo. Ayyiriri! "Nakiya." Ayyiriri! "Dubulan." Ayyiriri!

A cikin gilashin wayar na hango murfin da ke gaba yana da 'yan huji. Na ce a raina, kai, wannan ya yi kama da nawa. Kafin tunanin ya gama isowa, Gwaggo ta ɗaga murfin. Lanti, da yake ta saba, ba ta jira an faɗi suna ba, ta ɗauki guɗa, "Ayyiri…" sai ta leƙa. Guɗar ta maƙale mata a wuya. (Bidiyon yana nan har yanzu. Daga nan babu abin da ake gani sai sama da reshen mangwaro, don wayar ta suɓuce daga hannuna.)

Haske ya farkar da bayin Allah, suka fara ciyau-ciyau. Gwaggo Dije ta sa hannu ta ɗago baƙin, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ga jan zare ya haɗe ƙafafunsa. Ta ajiye shi a tabarma, ta ɗauko jan, ta ɗauko farin. Baƙi, ja, fari, duk a ɗaure, a ɓoye cikin kayan da dangin amarya suka kawo wa gidan ango su ci. Sai a lokacin idona ya ga abin da kowa ke gani. Ko yaron goye ya san me ake cewa idan an ga irin wannan: an je wurin boka, an zo a ɗaure ango, a mallake shi, a raba shi da danginsa.

Wata ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Wata ta janye ɗanta baya. Matan gidan suka juya harshe zuwa Dukanci, yarensu na gida, ni ko kalma ɗaya ba na ji, amma ba sai an fassara mini ba. Inna Kulu ta miƙe tsaye ta ce, "A'uzu billahi! Wannan ba da shi muka zo ba. Mu gidan malamai muka fito, ba mu san wannan ƙazantar ba!"

Gwaggo ta ce, "Bokitin irin naku ne."

"Irin namu ne, amma ba mu muka sa ba!"

"To wa ya sa?" Sai Gwaggo ta juya ta ce, "A kira amarya."

Zan faɗa muku gaskiya, ban tashi nan take ba. Wata zuciya tana ce mini ki lafe, ƙila abin ya wuce. Sai ga Rabi an fito da ita cikin mayafi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta durƙusa gaban Gwaggo. Aka nuna mata 'yan tsakin aka ce ta san wannan? Ta kalle su, ta kalli Inna Kulu, sai hawaye. Idona ya sauka a kan 'yan yatsun ƙafarta masu jan lalle. Yarinyar da ko sati biyu ba ta cika a gidan ba, idan wannan suna ya manne mata, ta gama cin abinci da daɗi a garin nan har abada.

Na miƙe. Ɗankwalina ya zame gefe ban ko kula ba. Na ce, "Gwaggo, nawa ne. Ni na ɗaure su."

Inna Kulu ta dafe ƙirji ta koma ta zauna daɓas a kan buhun masara.

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya ci amanata. Maimakon in fara da cewa ƙafarsu ce ba ta da lafiya, sai na ji kaina ina cewa, "Da hannuna na ɗaure su jiya, Rabi ba ta sani ba, ko Inna ban gaya wa ba, a ɓoye na taho da su." Kowace kalma na faɗa sai in ga matan sun ƙara ja da baya. Da na ga magana ba za ta fitar da ni ba, sai na ce a ba ni faranti mai santsi. Na durƙusa a ƙasa da leshina mai tsada, na kwance wa farin zare na ɗora shi a kai. Nan take ƙafafun suka wage, ya kife a kan ciki yana kuka. Na mayar da zaren, na ajiye shi a tabarma, ya tsaya. Na ce, "Kun gani? Jinya ce. Wallahi tallahi jinya ce."

Wasu suka sassauta fuska, har na ji wata ta ƙunshe dariya. Amma Gwaggo ba ta motsa ba. Ta ce, "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake kiwon kaji. Ban taɓa ganin ɗan tsako da wannan ciwo ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya yi wa kaza ɗori ba."

Na ce, "Gwaggo, naki uwarsu ce ke ƙyanƙyashe su a kan ƙasa. Nawa inji ne ya ƙyanƙyashe su, na kuma sa su a kan leda."

Sai Gwaggo ta yanke hukunci, kuma ko yau ba zan ce ta zalunce ni ba. Ta ce, "Za su zauna a nan, a gabana. Idan an kwance sun tashi sun yi tafiya da ƙafarsu, magani kika yi, mu ba ku haƙuri. Idan sun mutu da zaren nan a cikin gidan nan, to magana ta fi ƙarfin mata, maza za su zauna. Kafin nan, a kulle kayan nan a ɗaki. Babu mai taɓa ko ƙwayar cincin."

Na san idan na bar su a hannun wanda bai san kansu ba, kafin gobe sun mutu, auren ƙanwata ya bi su. Sai na ce, "To ni ma zan zauna."

Inna Kulu ta ce, "Ke! A gidan surukai? Babbar yaya guda? Kin taɓa jin inda aka yi haka?" Na ce ban taɓa ji ba, amma yau za a ji. Da na kira Baban Walida na gaya masa, sai ya fashe da dariya har na ji ya ƙware. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Allah ya ba majinyata lafiya, likita." Na kashe wayata. Motarmu ta juya Kontagora babu ni, Inna Kulu ko sallama ba ta yi mini ba.

Haka na tare a ɗakin Gwaggo Dije, da leshi ɗaya da bokiti ɗaya. Washegari ta ba ni aron zaninta da wata riga da ta tsaya mini a cibiya. Matar da ta shigo gari da ɗaurin ɗankwali mai taɓa rufin mota, ga ta zaune a ƙofar ɗaki cikin zanin tsohuwa tana tsoma wa 'yan tsaki baki a murfin kwalba. Unguwa guda ta riƙa zuwa kallo. Wasu su yi sallama su ce sun zo gaida Gwaggo, idonsu na kan bokiti. Wasu ko sallamar ba sa yi, daga bakin zaure suke leƙe. Akwai wadda ta tambaye ni a asirce ko ina yi wa mutane ma, don nata mijin ba ya zaman gida. Na ce mata, "Baiwar Allah, ni a kaji na tsaya."

Dariya ce yanzu, amma a lokacin ba dariya ba ce. Rabi takan yi girki ta aiko wa sassan gidan, kwanukan su dawo yadda suka tafi. Ango Isuhu ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ni na yarda da ke, amma ba zan iya tsallake maganar Gwaggo ba." Rabi kuwa ta same ni a bayan ɗaki, idanu sun kumbura, ta ce, "Yaya, idan suka mutu fa?" Na ce, "Ba za su mutu ba." Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ban tabbata ba, don baƙin ya daina cin abinci. Ya rufe ido, ya saki fukafukai, kuma shi ne wanda kowa ya fi sa wa ido.

A kansa na ƙare duk wata dabara da nake da ita. Na sa aka dafa mini ƙwai na murmushe gwaiduwar na riƙa sa masa a baki da tsinke. Na aika Rabi ta ɗauko mini kofin shayi daga cikin sababbin kayan jerenta (ko ita ba ta taɓa sha da shi ba), na cusa tsumma na zaunar da shi a ciki yadda ƙafafun za su tokare ƙasa su yi ƙarfi. Idan ruwan gora ya huce, in sa shi cikin rigata a jikin fatata. Gwaggo tana zaune tana tsinkar zogale, ina ganin tana satar kallo. Can wata rana sai ga shi ta tashi da kanta ta kawo kaskon garwashi ta ajiye kusa da bokitin. Da na zo sassauta masa zaren don ya ɗan girma, ta miƙo tafin hannu ta ce, "Kawo in riƙe miki." Ta riƙe shi, ta kalle shi, ta ce, "Wannan ɗan banzan yana da rai." A ranar ya fara tsattsagar gwaiduwa da kansa.

Bayan 'yan kwanaki na ga suna takawa da zaren ba sa faɗuwa, na ce wa Gwaggo lokaci ya yi. Ban ga ta aiki kowa ba, amma kafin hantsi tsakar gidan ya cika fiye da ranar gara. Aka share wuri a kan tsurar ƙasa. Rabi ta fito ta tsaya a gefe cikin mayafi. Lanti ma tana nan, ta harɗe hannuwa. Na yi bisimilla na ɗauki reza.

Na yanke wa farin. Ko kallona bai yi ba, ya zura da gudu ya shige ƙarƙashin turmi. Na yanke wa jan, ya yi tangaɗi kaɗan, ya gyara tsayuwa, ya bi ɗan uwansa. Aka fara 'yan maganganu. Na ɗauko baƙin, na yanke, na ajiye shi.

Ya zauna.

Ya zauna daram a kan cikinsa yana ƙifta ido. Ƙafar hagun ta ɗan zame waje, na ce shi ke nan, na kashe auren ƙanwata da hannuna. A raina babu addu'ar da ban karanto ba. Sai Gwaggo ta sa hannu a ƙwarya ta ɗebo ɓarzajjen gero ta watsa can gaba kaɗan, kusa da inda Rabi ke tsaye. Ɗan banzan ya miƙa wuya. Ya janyo ƙafar hagun ya mayar ƙarƙashinsa. Ya miƙe. Ya taka sau ɗaya, ya sake takawa, sai kawai ya kwasa a guje, ya wuce geron ma, ya je ya kai wa jan lallen babban yatsan Rabi sara. Rabi ta yi tsalle ta ce, "Wayyo!"

Lanti ta warware hannuwa, ta dafe hanci, ta ɗauki guɗar nan daga daidai inda ta maƙale ranar gara, ta kai ta har ƙarshe. Ban taɓa jin guɗa mai tsawonta ba. Gida ya kaure da shewa da dariya. Ni kuwa, likitar ƙashi guda, na zauna a ƙasa cikin zanin aro ina kuka da majina.

Gwaggo Dije ta ce a buɗe ɗaki a fito da kaya. Ta jawo bokitin alkaki da kanta, ta ɓalli guda, ta sa a baki a gaban kowa ta tauna. Ta ɓalli wani ta miƙa wa Rabi, ta ce, "Amarya, ki yi haƙuri. Mun ɗauki alhakinki." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma, yayar amarya, hannunki yana da kyau. Hankalinki ne dai sai a hankali." Na karɓi duka biyun, don duka gaskiya ne.

Na dawo Kontagora da fari da ja. Baƙin Gwaggo ta ce nata ne, ladan kaskon garwashi. Ya girma ya zama wani ƙaton zakara mai tafiya da ɗan gwame, ta hana a yanka shi ko da sallah, ko ranar sunan ɗan Rabi na fari. Idan baƙo ya zo sai ta nuna shi ta ce, "Wannan da kake gani, an taɓa yi masa ɗori." Inna Kulu ta daɗe ba ta yi mini magana ba, amma na ji labarin a wani biki tana cewa, "'Yar yayata ce fa, mu gidanmu har kaza ba a wulaƙantawa." Baban Walida kuwa yanzu idan wani ya kawo masa kukan 'yan tsaki a shago, sai ya ce, "Ka je gida wurin likita," kuma ya daina dariya idan zai faɗa.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Na daina shimfiɗa leda, na sayi filasta fara na ajiye, jan zare kuwa ko a hular Walida na daina sa shi. Idan kuma tafiya ta kama ni da majinyaci a hannu, tun a bakin mota nake buɗe murfi in nuna wa kowa, har direba. Amma idan kuka tambaye ni ko na yi nadamar ƙin jefar da su, ku je Tungan Magajiya da asuba ku saurara. Wanda kuka ji ya fi kowane zakara ƙara, majinyacina ne, kuma a kan ƙafafunsa biyu yake tsaye.